Kafin Ka Ɗora Rabi a Bayan Babur

Zongon Kumasi,
cikin watan Shawwal, farkon shekarar 1970.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya tsare ka a zaune da a tafe, ya tsare iyalinka Rabi da abin da take ɗauke da shi, ya sa ka fara aikinka da ƙafar dama. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Kai ɗan fari ne, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, to ina zan sami bakin da zan zaunar da kai in gaya maka abin da ke cikin takardar nan? Shi ya sa na ɗauko tawada na rubuta da ajami, yadda ka koya a makarantar allo tun kafin boko ya mai da kai malamin makaranta. In ka ga layi ya karkace, hannun ne ya tsufa.

Ranar Asabar za ka kama hanyar Salaga, inda gwamnati ta tura ka koyarwa. Na ba ka babur ɗina da zuciya ɗaya, ban kuma yi nadama ba. Ka ce tunda motocin tashar Kejetia sun cika da mutanenmu da aka ce su bar ƙasar nan, wurin zama ya yi wuya, kaya za su bi mota, kai kuwa ka ɗora Rabi a baya da cikinta na wata biyar. Shekaranjiya na fito na same ka tsugune a tsakar gida, wayar birkin gaba ta fara tsintsinkewa, kana liƙe ta da dalma. Na ce ka kai babur ɗin kamfani a unguwar Adum su sa sabuwa, su duba birkin gaba ɗaya. Ka yi dariya ka ce, "Baba, kamfani ai na Turawa ne da manyan ma'aikata. Kai da kanka shekara ashirin kana hawansa, yaushe ka taɓa kai shi?" Na wuce masallaci. Wannan wasiƙa ita ce amsar da na kasa ba ka a tsaye.

Kana da shekara biyu na sayi babur ɗin nan. A lokacin ina yi wa fataken goro sayayya a ƙauyukan kurmi, bisa keke, in fita da asuba in dawo ƙafafu sun kumbura. Kuɗin da na daɗe ina tarawa don zuwa Makka na kwasa na kai Adum. Dalilin ke nan da mutanen Zongo suka laƙaba wa babur suna Alhaji, ni kuwa har yau ina nan Malam Sani. Ranar da na shigo da shi unguwa, baƙi ƙirin yana walƙiya, mata sun bar daka, masu ɗinki sun tsayar da keke. Abokina Garba mahauci ya zagaya shi sau uku da wuƙa a hannu, ya ce, "Sani, wannan ko an yanka ba nama, amma wallahi ya fi bijimina kyau." Uwarka ta leƙo ta zaure, ta rufe baki da mayafi tana dariya. A lokacin ita ce ta fi kowace mace a layinmu saurin tafiya, in ta ɗauki tulu daga famfo sai ka yi gudu ka cim mata. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kuskurena na farko kunya ce ta jawo shi. Ranar da na biya kuɗi, akawun kamfani ya miƙo mini wani ɗan littafi na Turanci, ya yi ta bayani da sauri yana nuna shafuka da biro. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ga ni cikin babbar riga, ga mutane suna kallo, sai na yi ta gyaɗa kai ina cewa yes sa. Na kawo littafin gida na ajiye a kan taga. Uwarka ta ga takarda mai kyau tana zaune ba aiki, ta tambaye ni, na ce ba ta da amfani. Cikin wata biyu ta naɗe wa mutanen Zongo ƙuliƙuli da ita kaf. Ashe a ciki akwai takardun da za a duba mini babur sau biyu kyauta, kuma an rubuta a juye baƙin man farko da wuri, kada a ba sabon inji wuta sosai. Ni kuwa ina ta tsala gudu, in mai ya ragu in ƙara wani a kai. Wata na biyar injin ya ƙame mini a hanyar Offinso, sai a bayan motar koko aka dawo da mu, ni da Alhaji. Da na je kamfani suka ce ina littafi, na fito da bangon da ya saura, duk maiƙon gyaɗa. Dariyar da suka yi mini har yau ina jinta, kuma na biya kuɗin gyara cif.

To kai ka iya Turanci, ba za a yi maka wannan ba. Amma kunyar tana da wata kama a wurinku 'yan boko. Kuna jin nauyin tambayar mutumin da hannunsa ya yi baƙi da mai, kuna ganin mai takardar shaida bai kamata ya ce bai sani ba. Ɗanlami, in ka tsaya gaban makanike ka bar takardar shaidarka a aljihu. Ka tambaya, in ba ka gane ba ka sake tambaya, har ya gaji da kai.

Kuskure na biyu, tsoro ya kora ni ɗaya gefen. Bayan wancan abin, ko tari babur ya yi sai Adum. Kuma in faɗi gaskiya, na fara jin daɗin abin. Akwai benci a gaban ofishinsu inda ake zama da likitoci da manyan 'yan koko, a ba ka takarda mai hatimi, in dawo Zongo in riƙa fito da ita a majalisa kamar da gangan ta faɗo. Wata safiya ya ƙi tashi, na yi ta bugawa har cinyata ta sage. Na tura shi da hannu tun daga gida har Adum, riga ta jiƙe sharkaf. Suka riƙe shi kwana biyu, suka karɓi abin da zai yi mana cefanen mako guda. Ina shirin tafiya sai wani makanike daga cikinsu, Ba'asante, sunansa Opanin Kwaku, ya yafito ni bayan gareji inda yake cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, kuma Kramo yake kirana, yadda suke kiran Musulmi.

Ya ce, "Kramo, ka san mene na yi ma moto naka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Fulogi ne ya yi datti. Na goge shi, na hura, shi ke nan. Minti biyar. Kana da kuɗi dewa ne, ko kana so zama kan benci namu?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Sai ya ɗauko alli daga bayan kunnensa ya zagaya babur ɗin yana yi masa alama. Ya zana zobe a kan fulogi, da wurin zuba baƙin mai, da sarƙa, da tayoyi, da batir. Sannan ya zana kuros, alamar gicciyen Kirista, a kan birkin gaba da na baya, da wuyan babur, da cikin inji. Ya ce, "Wuri da na sa zobe, naka ne, yi a gida. Wuri da na sa kuros, nawa ne. Ku Kramo ba ku so kuros, ko? Yoo. Kar ka taɓa kuros." Muka yi dariya, ya gutsura mini ayaba. Kwana uku ban wanke babur ɗin ba, sai da na haddace kowace alama.

Abin da ya koya mini shi nake so ka riƙe, don ba wuya gare shi. Ka san yadda nake yi da huhun goro, ba na jira ya yi wari kafin in buɗe. Ina kwance shi a kai a kai, in canja ganye, in tsince wanda sankara ta taɓa. Haka za ka yi wa babur. Kowace Juma'a da safe ka kwance fulogi ka duba bakinsa, in ya yi baƙi ka goge. Ka zaro sandar gwada mai ka ga inda ya tsaya, in ya yi kauri ya yi duhu ka juye shi tun injin yana da ɗumi. Ka taɓa sarƙa da yatsa, kada ta yi sako-sako kuma kada ta ɗaure tam. Ka matsa tayoyi, ka bi notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, don hanyar arewa tana kwance noti kamar da hannu. Duk wanda ya biya kamfani don waɗannan, kuɗinsa ne ke masa ƙaiƙayi. A nan kam kana da gaskiya, ban kuma ce ka canja ba.

Kuskure na uku rowa ce, ba wani suna da zan ba ta. Da na ga na iya, sai na ce to me zai sa in sayi man gwangwani? Na riƙa zuwa tashar Kejetia ina karɓar tsohon baƙin man da direbobin manyan motoci suka juye, in tace da tsumma in zuba. Sarƙa kuwa na ce ai maiƙo maiƙo ne, na ɗebi man kaɗen uwarka na shafe ta da shi. Washegari na tarar da tururuwa sun yi layi tun daga bakin zaure har kan taya, ɓeraye kuma sun bi ƙamshi sun gaigaye gefen sirdi. Garba ya zo ya gani ya ce, "Saura gishiri da yaji, sai mu kira mutane." Wannan ta ƙare a dariya. Tsohon man ne bai ƙare a dariya ba, don cikin 'yan watanni babur ya fara hayaƙi kamar ana gasa kifi, sai da aka buɗe inji. Gyaran gida kuɗin hannu yake rage maka, ba kuɗin kaya ba. Ka sayi mai a rufaffen gwangwani, ka fasa da kanka. A Salaga za ka ga masu sayar da shi a kwalba a bakin hanya, ka gaishe su da kyau ka wuce.

Duk da haka, waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ɓoye ba. Bayan sallar Juma'a sai in shimfiɗa buhu a gindin mangwaron ƙofar gida in jera sifanu. Masu babur kaɗan ne a lokacin, amma duk wanda ke da shi, daga Akwatialine har Asokore Mampong, nan yake kawowa. Ba na karɓar ko kwabo. Garba ya kawo tsire, wani ya kawo lemo, ni in fasa goro, a yi ta gardama kan wane inji ya fi wane har a kira la'asar. Uwarka tana suya a ciki, ƙamshin ƙuli yana haɗuwa da na fetur, har yau in na ji ɗayansu sai in nemi ɗayan. Nan aka fara kirana Injiniya. Yanzu mangwaron yana nan, amma majalisar ta watse. A cikin azumin nan korar baƙi ta haɗa da Garba, na raka shi tasha da matansa da tabarminsa, mutumin da ya shekara arba'in yana yanka a garin nan, ya hau bayan mota yana riƙe da buta. Bai yi mini ba'a ko ɗaya ba ranar. Ina kewarsa ƙwarai.

Sunan nan Injiniya shi ya kai ni ga kuskure na huɗu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Sauran duk na jero su ne don in sami ƙarfin isowa nan.

Kana da shekara biyar, ƙanwar uwarka ta haihu a zongon Mampong, aka sa ranar suna. Uwarka tana da ciki wata shida. Ana saura kwana huɗu na lura sandar birkin baya, wannan siririn ƙarfen da ke tafiya daga abin takawa zuwa taya, ta tsage kusa da ƙarshe. Na je Adum. Opanin Kwaku ya duba ya ce babu irinta a sito, sai an aiko daga Accra, mako biyu, kuma sule goma sha biyar. Ya ce, "Ajiye moto, shiga lori." Na ce to. Amma a hanyar dawowa zuciya ta fara yi mini huɗuba. Yaya Injiniya guda zai isa gidan suna a bayan lori tare da buhunan rogo? Dangin matata sun ji labarin babur, ba su taɓa ganinsa ba. Kuma me ke cikin ɗan ƙarfe da za a ce sule goma sha biyar? Na biya wurin mai gyaran buta da bokiti na ari kayan aikinsa. Na naɗe tsagar da waya, na narka dalma na zuba a kai, na goge har tana sheƙi, na shafa baƙin fenti. Na taka birki sau goma a tsakar gida, ya kama. Na ji kaina ya yi girma.

Da safe uwarka ta tsaya a bakin zaure da ƙullin kayan barka a hannu, ta ce, "Malam, ba jiya na ji kana cewa birki ba?"

Na ce, "An gyara."

Ta ce, "A kamfani?"

Na ce, "An gyara, na ce miki. Hau mu tafi."

Ta hau. Mun bar ka wurin kakarka. Zuwa lafiya lau, don hawa ne. An yi suna, an ci an sha, yara sun kewaye babur, surukaina sun yi ta sa albarka, na sami abin da na je nema. Bayan azahar muka juyo. Ka san gangaren Mampong, yadda hanya ke saukowa tana lanƙwasa, dutse a gefe ɗaya rami a ɗayan. A kwana ta biyu na taka birki, na ji ƙas, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Dalma ta buta ce, Ɗanlami, an yi ta don ta tare ruwa. Na damƙe birkin gaba da dukan ƙarfina, tayar ta ja a kan tsakuwa, muka kife. Ni na faɗa cikin ciyawa, ban samu komai ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Uwarka babur ya danne wa ƙafa a kan dutse.

Wata motar katako ce ta kawo mu asibiti. Ƙashin ya karye wuri biyu. Kwana uku bayan haka cikin ya zube, mace ce, an nuna mini ita. Wata huɗu uwarka tana kwance, na sayar da keke da agogo da rabin jarina, duk don in tsira da sule goma sha biyar da sunan Injiniya. Ba lissafin kuɗin ke hana ni sukuni ba. Matar da ake gudu a cim mata, tun daga ranar ba ta ƙara zuwa famfo ba sai da sanda.

Ranar farko da 'yan'uwanta suka cika ɗakin asibiti, wanta ya dube ni ya ce, "Garin yaya?" Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai ta riga ni, daga kwance, ta ce, "Akuya ce ta gitta mana. Malam ya yi iya ƙoƙarinsa." Ta faɗa tana kallona. Ta ji ƙarar ƙarfen nan kamar yadda na ji, ta kuma san amsar da na ba ta a bakin zaure. Labarin akuya ya zaga Zongo, aka yi ta yi mini jaje, har ana yaba mini yadda na riƙe kan babur bai faɗa rami ba. Na karɓi yabon. Ka ji irin uban da kake kwaikwayo.

Da na tura babur ɗin Adum, Opanin Kwaku ya zaro guntun sandar, ya kankare fentin da farce, ya ga dalma. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya sa mini guntun a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai, ya ce, "Kramo, na ce maka kuros." Tun daga ranar, duk wata huɗu sai na kai masa babur ya duba birki da wuya da cikin inji, ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Sai dai a ɓoye nake zuwa. Duk ranar da ka ji na ce zan je Adum ganin wani falke, can nake. Takardun hatimin da a da nake nunawa a majalisa, sai na koma ina cusa su a ƙasan akwati. Na ci gaba da zama a gindin mangwaro ana kirana Injiniya, in an kawo matsalar birki in ce yau hannuna yana ciwo, a kai Magazin, unguwar makanikai, ko Adum. Ka tashi kana ganin uban da bai taɓa zuwa kamfani ba, alhali babur ɗin da ka gada hannun Opanin Kwaku ne ya raya shi shekara goma sha takwas.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Kana yaro, ba ka ƙyale akuya ta wuce ƙofar gidanmu. Ka tara duwatsu a bayan ƙyaure, kowace ta gitta sai ka jefe ta kana cewa su suka karya Mma. Maƙwabta suka yi ta kawo ƙara, har na taɓa dukanka a kan akuyar gidan liman. Ina dukanka ina sane da wanda ya cancanci dutsen. Ka yafe mini wannan, don Allah.

Shekaranjiya ba ni kaɗai na gan ka da dalma ba. Uwarka tana bakin murhu, ta gani. Bayan na dawo daga masallaci ta shigo ɗakina, ta jingina sandarta da bango, ta zauna a bakin gado, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, shekara goma sha takwas na rufa maka asiri, ban taɓa yi maka gori ba, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "Ƙafata ce, ni na ga dama na yafe. Amma ƙafar Rabi ba tawa ba ce, abin da ke cikinta ma ba nawa ba ne da zan yafe maka. Ko ka gaya masa kafin Asabar, ko in gaya masa." Ta ɗauki sandarta ta fita. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

To ga abin da nake so ka yi. Jiya na je Adum, wannan karon na gaya wa duk wanda ya tambaye ni inda za ni. Opanin Kwaku ya tsufa, gashinsa fari fat, a ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki, amma allin yana nan a bayan kunnensa. Yana jiranka ranar Alhamis da safe. Zai sa sabuwar waya, ya buɗe birkin gaba da na baya, ya duba wuya. Ka tsaya a kansa ka kalla, ka roƙe shi ya yi maka zobe da kuros kamar yadda ya yi mini. Ka ba shi girmansa, ka kai masa goro fari, yana so. Kada ka kawo mini zancen tsada. Na san albashinka bai fara shigowa ba, na kuma san kamfani suna da tsada, wani lokaci har da rashin kunya. Uwarka ta ce ita za ta biya daga kuɗin ƙulinta, na ce ni zan biya, ta ce a'a, ita ta fi kowa sanin farashin abin. Na bar mata.

Da za ka bi son raina, da ka bar Rabi a nan har tasha ta lafa, ta biyo ka a gaban mota a zaune. In kun ƙi rabuwa, na gane, ni ma na yi ƙuruciya. To ku fita da sassafe, ku huta a Ejura ta miƙe ƙafa, ku sake hutawa a Atebubu, kada ka yi tseren kama jirgin ruwan Yeji, in ya tafi wani zai zo. Duk inda hanya ta gangara ka sa ƙaramin giya tun daga sama, ka bar inji ya riƙe ku, kada ka dogara da birki kaɗai. In ta tambaye ka ko an gyara wani abu, ka gaya mata wanda ya gyara da inda aka gyara. Ka tafi da fulogi biyu, da wayar birki ta ajiya, da kayan faci da famfo. A Salaga babu kamfani, saboda haka duk hutun makaranta ka kai shi Tamale ko ka kawo shi gida, ko da lafiyarsa ƙalau. Abin da ke da zobe ka yi da hannunka ka ji daɗinsa, kamar yadda na ji. Abin da ke da kuros ka kai wa masu shi, a gaban kowa.

Za ka ji wani abu mai nauyi a ƙasan ambulan ɗin nan, naɗe cikin tsumma. Guntun sandar ne. Shekara goma sha takwas yana cikin akwatina tare da takardun kamfani. Ka kai shi wurin haske ka duba bakin da ya rabu, dalmar tana nan, da sauran fentin da na shafa don kada a gani. Ba akuya a gangaren Mampong, Ɗanlami. Ni ne. Yau da ƙanwarka tana da shekara goma sha takwas, da ita za ta taya Rabi ɗaure kaya.

In ka gama karantawa kada ka zo ɗakina, ba zan iya haɗa ido da kai yau ba. Ka je wurin uwarka. Kada ka tambaye ta komai, ka karɓi ƙullin kuɗin da za ta ba ka kawai. Ta ce in Alhamis ta yi ba ta ji tashin babur ya nufi Adum ba, da sandarta za ta tura shi da kanta, ka kuwa san za ta aikata.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a hawa da gangara, a tudu da kan ruwa. Allah ya sauki Rabi lafiya, ya nuna wa uwarka abin da za ta goya. Allah ya sa albarka a aikinka da yaran da za ka koyar, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Ya jiƙan wadda ba mu kai ga raɗa wa suna ba, ya yafe mini. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sani mai goro.